Rigar Gafiya Mai Aljifai

An yi wata Gafiya da ke zaune a rami a gindin wata tsohuwar tsamiya, can bayan gari. Ba ta da wani mugun hali sai kwaɗayi, amma nata kwaɗayin ko an raba wa unguwa guda sai ya yi saura. Da ta ga abinci, idonta ke riga hannunta zuwa, hankalinta kuma sai daga baya yake isowa.

Maƙwabciyarta Beguwa ce, mai ƙayoyi a baya da masifa a baki. Ko sannu ka yi mata sai ta tambaye ka abin da kake nufi. Amma ta iya ɗinki, kuma ba a zuwa ƙofarta da buƙata a koma haka nan. Sai dai a haɗa maka da faɗa.

Can gangare, a bakin kududdufi, akwai Agwagwa mai yawan kyauta da yawan surutu.

Wata rana da hantsi iska ta kwaso wani jan ɗankwali mai furanni ruwan ɗorawa, ta yar a ƙofar ramin Gafiya.

Gafiya ta ce, "Bari in jira mai shi." Ta ƙifta ido, ba ta ga kowa ba. Ta ce, "To, na jira."

Dama rigarta ta tsufa, iska na shiga ta inda ta ga dama. Sai ta naɗe ɗankwalin, ta saƙale a hammata, ta nufi gidan Beguwa.

"Salamu alaikum, Yaya Beguwa."

"Wa alaikumus salam. Me kuma aka zo ara?"

"Haba Yaya, gaishe ki na zo yi."

"Da ƙyalle a hammata ake gaisuwa a garinku?"

Gafiya ta yi dariyar yaƙe. "Riga nake so in ɗinka wa kaina, ta zaman gida, mara ado. Allura ce ba ni da ita. Kuma ban san ta inda ake farawa ba."

"Wato ba allura, ba sani. Me kika zo da shi?"

"Ƙyalle."

Beguwa ta ja dogon tsaki. Ta cije baki, ta tsige wata siririyar ƙaya daga bayanta. "Wash! Kin ga abin da kike ja mini? Ungo, huda gindinta da haƙori ki zura zare."

Gafiya ta huda, ta zura.

"Ninka ƙyallen biyu, ki shimfiɗa. Yawwa. Kwanta a kai."

"Barci zan yi?"

"Awo za a yi, sakarya! Miƙe hannuwanki. Daina motsa wutsiya."

Beguwa ta ɗauki gawayi ta zagaye jikin Gafiya da zane, tana barin sarari ta kowane gefe.

Gafiya ta ɗaga kai ta duba. "Yaya, ai ban kai nan ba."

"Rigar zaman gida ba fata ba ce. Sai ta bar ki ki sunkuya, ki yi shara, ki hura wuta. Tashi ki yanke wuya."

Gafiya ta sa haƙora ta yanke wuya a tsakiyar ninkin, zagayayye daidai kanta. Ta ɗinke gefe da gefe, ta bar wurin hannu. Ta soke yatsa, ta yi ihu, Beguwa ta ce ai shi ne kuɗin makaranta. Ta kalmashe wuyan, ta kalmashe ƙasan. Kafin la'asar riga ta tashi.

Da ta zura, sai ta ji iska na ratsa ta ko'ina. Ta sunkuya, ta miƙe, ta juya, ta yi tsalle. Ta leƙa cikin randar Beguwa ta ga kanta a ruwa.

"Kai! Wace ce wannan kyakkyawar?"

"Cire kanki daga ruwan shana," in ji Beguwa. Ta tsinci ɗan ƙyallen da ya fita daga wuyan rigar. "Wannan kuma kada ya lalace. Ɗinka shi a gaba, ki bar bakinsa a buɗe. Ya zama aljihu."

"Mene ne aljihu?"

"Jaka ce da ba a mantawa da ita a gida."

Gafiya ta ɗinka. Ta ga wata gyaɗa a ƙasa, ta ɗauka ta jefa ciki. Ta yi taku, gyaɗa ta bi ta. Ta juya, gyaɗa ta juya. Ta ɗaga hannuwanta ta ga ba komai a cikinsu, amma ga gyaɗa na nan.

Ta tsaya cak, bakinta a buɗe. "Yaya Beguwa, duniya ta san da wannan abu?"

Kafin Beguwa ta ba ta amsa, sai ga Agwagwa ta hauro tana rangaji, tun daga nesa ake jin muryarta.

"Jama'a, na ƙyanƙyashe! Na ƙyanƙyashe! Duk sun fito lafiya, duk kamar ubansu, sai ɗaya da ya ɗauko hancin kakarsa. Jibi suna, kowa ya zo! Maigidana Toro ya sayo buhun garin kwaki, ga sukari, ga ƙuli-ƙuli, ga gyaɗa. A ci a ƙoshi, kuma kowa zai koma gida da ƙunshinsa."

Gafiya ta haɗiye yawu. "Buhu kika ce? Cikakke?"

"Har baki! Kai, wannan riga ta yi miki kyau. Ita za ki sa, ko?"

"Ita ce," in ji Gafiya, tana shafa aljihunta a hankali.

Ta koma gida da allurar Beguwa, wai za ta ƙarasa wata 'yar kalmasa. Ta zauna a ƙofar rami ta dubi aljihun nan, sai ta ga ya yi mata ƙanƙanta.

"Aljihu ɗaya, buhu guda. Ai wannan zalunci ne. Idan gari ya shiga, ina sukari zai zauna?"

Ta dubi ƙasan rigar. "Wannan tsawon ma me yake yi? Shara kawai yake kwasa." Ta sa haƙori ta yanko, ta yi aljihun sukari.

"To ƙuli-ƙuli fa? Maraya ne?" Ta ƙara yankowa.

Da ƙasa ya ƙare sai ta koma hannu. Da hannu ya ƙare sai ta tuna sararin da Beguwa ta bari a gefe. Ta farke, ta rage, ta sake ɗinkewa, ta sami ƙyallen wasu aljifan. Da wannan ma ya ƙare sai ta yanka tsohuwar rigarta, ta bi da zanen rufarta, ta gama da rigar matashin kanta. Sauri take yi, tana ɗinki tsallake-tsallake, tana waƙar gari da sukari.

Washegari Beguwa ta zo karɓar allurarta. Ta tsaya tana kallon Gafiya sama da ƙasa.

"Ina rigar?"

"Ga ta a jikina."

"Ni dai aljifai nake gani sun taru suna shawara."

"Sabon yayi ne, Yaya."

"Wannan na tsakiyar bayan fa? Hannunki na kaiwa?"

"Wutsiya za ta kai."

"Wannan kuma da ke cikin wancan?"

"Aljihun aljihu ne. Idan babban ya cika sai ƙaramin ya taimaka masa."

Beguwa ta kama gefen rigar ta ja, ko motsi bai yi ba. "Kin cinye sararin da na bar miki! Da me za ki numfasa?"

"Numfashi ai a gida ake yi. Ni suna zan je."

"Me za ki zuba a ciki, Gafiya?"

Gafiya ta dubi sama. "Albarka."

Beguwa ta fizge allurarta, ƙayoyinta duk sun miƙe. "Ki je. Ni dai riga na koya miki, ban koya miki rumbu ba."

Ranar suna bakin kududdufi ya cika. Kaji sun zo, zabbi sun zo, har Kunkuru da ya taso tun ranar gayyata ya iso daidai lokacin addu'a. Aka jera masakai cike da gari, ga sukari a ƙwarya, ga ƙuli-ƙuli da gyaɗa a faifai.

Gafiya ta shigo siririya, aljifanta na kaɗawa fal-fal. Ta yi wa Agwagwa barka a tsaitsaye, ta ce wa 'ya'yan "Allah ya raya" ba tare da ta dube su ba, ta je ta zauna tsakanin masakin gari da ƙwaryar sukari.

Aka ɗaga hannu ana addu'a. Kowa ya ɗaga biyu, Gafiya ta ɗaga ɗaya.

Aka fara guɗa. Gafiya ta taya da baki, hannu na aiki a ƙasa, wutsiya na aiki a baya. Gari ya shiga nan, sukari ya shiga can, ƙuli-ƙuli ya sami ɗakinsa. Da ta ga gari ne ya fi yawa, sai ta bi kowane aljihu ta ƙara masa gari, ta danna da ƙafa.

Can Agwagwa ta zo wucewa, ta tsaya. "Ikon Allah! Gafiya, ɗazu kika shigo kamar sillen kara, yanzu kin koma tulu."

"Farin ciki ne, maijego. Ni haka yake mini."

"Allah sarki! Kin ji masu ƙaunata." Agwagwa ta leƙa masaki, ta ga ya kusa ƙasa. "Toro! Toro! Kai ne ka sake zagayowa, ko? Ranar sunan 'ya'yanka ma ba za ka bar baƙi su ci ba?"

Toro ya fara rantsuwa, Agwagwa ta bi shi da faɗa. Gafiya ta ga aljifai sun cika maƙil, sai ta cusa sauran gyaɗar a kumatunta har idanunta suka ƙanƙance.

Ana cikin haka hadari ya haɗo daga gabas. Kafin a ce kwabo ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kaji da zabbi suka ruga ƙarƙashin rumfa. Agwagi kuwa suka buɗe fukafukai suna rawa.

"Suna ya yi albarka!" in ji Agwagwa. "A ƙara kiɗa!"

Gafiya ta ga hankalin kowa ya rabu, sai ta sulale ta kama hanyar gida. Ko sallama ba ta yi ba.

To yara, duk wanda ya taɓa jiƙa garin kwaki ya san halinsa. Ka zuba ɗan kaɗan a kwano, ka sa ruwa, ka juya baya. Kafin ka dawo ya kumbura ya cika kwanon yana harararka.

Gafiya ba ta yi nisa ba ta ji riga ta fara matse ta. Ta ƙara gaba, aljihun gaba ya taso ya taɓa haɓarta. Na gefe suka ɗaga hannuwanta sama. Na baya ya yi tozo kamar na bijimi. Sukari ya narke ya bi gari, ƙuli-ƙuli ya jiƙe ya bi sukari, ruwan zaƙi na zuba a bayanta duk inda ta taka.

'Ya'yan Agwagwa ne suka fara gano hanyar. Ɗaya ya ɗanɗana ƙasa, ya kira sauran. Suka jeru ɗaya bayan ɗaya suna bin sawu, suna lasa.

Da ƙyar Gafiya ta kai gindin tsamiya, rabi tafiya rabi mirgina. Ta zura kai a rami. Kai ya shiga, wuya ya shiga. Daga nan komai ya tsaya.

Ta tura, ba ta shiga ba. Ta ja baya, ba ta fito ba. Gari kuwa bai gama kumbura ba, sai ƙara toshe ƙofar yake yi.

Sai ta ji wani ɗan baki ya caki aljihun bayanta. Wani ya caki na gefe. Wani ya shige cikin aljihun aljihu gaba ɗaya, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Ku bari! Cakulkuli! Hihihi! Wayyo, ku bari!" Tana dariya tana kuka, amma da yake kanta na cikin rami kuma kumatunta cike da gyaɗa, abin da ke fitowa waje sai "Mbu! Mbuu!"

Beguwa, wadda ta dawo daga sunan tun farkon hadari, ta leƙo daga gidanta. Ta zo ta tsaya tana kallon wani ƙaton dunƙule mai wutsiya.

"Salamu alaikum. Masu gidan suna ciki, ko suna waje?"

"Mbuu!"

"Da wutsiya zan yi magana? To, wutsiya, ki gaya wa uwar ɗakinki na zo ganin sabon yayi."

Gafiya ta tura gyaɗar gefe guda da harshe. "Yaya, ja ni!"

Beguwa ta kama wutsiya ta ja. 'Ya'yan Agwagwa suka kama juna suka taya ta. Suka ja har suka zube a taɓo, Gafiya ko gezau.

"Ba ja ba ne maganinki. Farke rigar za a yi."

"A'a! Gari na ciki!"

"Ke ma kina ciki."

"Sai dai in bushe a nan. Rana za ta fito, gari zai motse."

A daidai nan suka ji haushi daga wajen gonaki. Wani karen mafarauta ne ya jiyo ƙamshin ƙuli-ƙuli, a ƙarƙashin ƙamshin kuma ya jiyo wani abin da ya fi ƙuli-ƙuli daɗi a wurinsa.

Dariya ta ɗauke daga fuskar Beguwa. Ta kora 'ya'yan Agwagwa bayan tsamiya. "Gafiya, kare ne. Ya tsallako kunyar gona, ya nufo nan."

Wutsiyar Gafiya ta fara rawa. "To farke ɗaya. Na gyaɗa. Dama ba shi da yawa."

"Duka!"

"Biyu!"

"Kasuwa muke? Ya wuce garkar Kunkuru!"

"A bar mini na sukari, Yaya, don girman zumunci!"

"Ina ganin haƙoransa! Gafiya, tsira da na bakinki!"

Haushi ya zo kusa har ƙasa na amsawa a kunnen Gafiya. Ta tuna ba kanta ne a waje ba, amma duk sauran jikinta a waje yake.

"Farke! Farke duka! Farke har da wanda ban ɗinka ba!"

Beguwa ta laluba ta kama bakin zare a gefen rigar, ta fizga. Da yake ɗinkin gaggawa ne, sai ya bi hannunta tsaf, ƙiiiii, tun daga hammata har ƙasa. Riga ta dare. Aljifai suka tarwatse, jiƙaƙƙen gari ya yi tsalle ya watsu ko'ina. Gafiya ta sulluɓe ta faɗa ƙasan rami, tim! Tsabar firgita ta haɗiye gyaɗar bakinta har da ɓawo.

Kare ya iso a guje ya kai cafka, bakinsa ya cika da gari. Ya tsaya. Ya lasa. Ya sake lasa. Beguwa ta juya masa baya ta kaɗa ƙayoyinta, sai ya ga gara ya tsaya a kan abin da ba ya suka. Ya lashe garin nan tas, da sukari da ƙuli-ƙuli, ya yi gyatsa, ya kaɗa wutsiya ya koma inda ya fito.

Ruwa na tsagaitawa sai ga Agwagwa tana neman 'ya'yanta, riƙe da wani babban ƙunshi a ganye.

"Kun ga yarana? Au, ga su! Gafiya kuma ta tafi ba ta karɓi ƙunshinta ba, shi ne na ce bari in kawo mata, har na ƙara mata sukari don na ga tana ƙaunata, ta yi ta ƙiba saboda..."

Ta tsaya cak. Ta dubi aljifan da ke warwatse a taɓo, kowanne da sauran gari a kusurwarsa. Ta dubi 'ya'yanta, baki duk gari. Tun da aka san Agwagwa ba a taɓa jin ta yi shiru mai tsawon wannan ba.

"Wato farin cikin ke nan," ta ce a ƙarshe. "Ni kuwa na sa Toro ya yi ta rantsuwa a gaban baƙi har ya yi hawaye."

Daga cikin rami aka ji wata ƙaramar murya. "Maijego, hik, ajiye ƙunshin, hik, a ƙofa."

"Naki ai kin riga kin kwasa, kare ya taya ki ci. Beguwa, ungo."

Beguwa ta karɓa. "Me kike nufi da ba ni?" ta ce, amma ta riƙe shi da kyau.

Kashegari da safe Gafiya ta farka da yunwa da shaƙuwa. Ta nemi abin da za ta sa. Ba sabuwar riga, ba tsohuwa, ba zanen rufa, ko rigar matashi babu. Ta leƙo da kai kaɗai daga bakin rami.

Sai ga 'ya'yan Agwagwa sun jero za su kududdufi, kowanne da hula a kansa. Wani ja mai fure, wani na zanen rufa, wani na matashi. Uwarsu ta wanke aljifan nan tas ta raba musu. Ƙaramin cikinsu, mai hancin kakarsa, shi ya sami aljihun aljihu, yana tafiya yana gyara shi da fiffike.

Suka tsaya a ƙofarta suka durƙusa da ladabi. "Ina kwana, Gwaggo Gari!"

"Wa kuke kira, hik, Gari? Ku ba ni aljifaina!"

Beguwa na zaune a ƙofarta tana shan jiƙaƙƙen gari da sukari. Ta lashe cokali, ta ce, "Gaskiyarki, naki ne. Fito ki karɓa."

Gafiya ta dubi jikinta, ta dubi hanya cike da masu wucewa. Ta ja kanta ciki a hankali.

Darasin wannan labari shi ne, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Gafiya ta ɗinka riga mai kyau da hannunta, an kuma tanadar mata rabonta a wurin suna, amma don ta so ta kwashe na kowa sai ta rasa rigar, ta rasa rabon, ta kusa rasa ranta. Yara, idan kun sami abin da ya ishe ku, ku gode, ku bar wa na bayanku saura.